Kifayen Ado na Teku: Kiwo Zai Ceci Kifin, Amma Wa Zai Ceci Masuncin?

A gabashin tsibirin Sulawesi na ƙasar Indunusiya akwai wani gungun ƙananan tsibirai da ake kira Banggai. A gefen gaɓarsu, cikin ruwan da sau da yawa mutum zai tsaya a ciki kansa na waje, wani ɗan kifi yake zaune wanda tsawonsa bai wuce santimita 8 ba. Jikinsa launin azurfa ne mai ratsin baƙi guda uku, an yayyafa masa ɗige-ɗigen fari kamar an yi masa zanen ƙwarya. Masana sun raɗa masa suna Pterapogon kauderni tun 1933, daga nan aka manta da shi har tsawon shekara sittin. A 1994 masanin kifi Gerald Allen ya je ya sake ganinsa, hotunansa suka shiga mujallun masu sha'awar ajiye kifi a tankin gilashi, kasuwa ta buɗe. Kafin 2007 masu bincike sun ƙiyasta cewa ana kwashe tsakanin 700,000 da 900,000 daga cikinsa kowace shekara, alhali duk yawansa a duniya an ƙiyasta bai wuce miliyan biyu da 'yan kai ba. A wannan shekarar hukumar IUCN ta sanya shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Shekara goma sha uku ke nan tsakanin sake gano shi da fara yi masa jaje.

Labarin kifin Banggai ɗan yanki ne na wata sana'a mai faɗi da ba a cika jin ɗuriyarta ba. Rahoton da wata cibiya ta Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003 ya ƙiyasta cewa ana cinikin kifayen ado na teku tsakanin miliyan 20 da miliyan 24 a shekara, daga nau'i 1,471. Bayan haka Andrew Rhyne da abokan aikinsa suka zauna suka bi takardun shigo da kaya na Amurka na shekara guda, ɗaya bayan ɗaya, suka tarar da nau'i 1,802 da kifi kusan miliyan 11, kuma mafi yawansu daga Filifin da Indunusiya suka fito. Bambancin da ke tsakanin wannan kasuwa da ta kifin adon ruwan daɗi shi ne tushen matsalar. Kifin ruwan daɗi, wajen kashi 90 cikin 100 nasa a gona ake ƙyanƙyashe shi. Na teku kuwa, kusan duka daga duwatsun murjani ake ɗebo shi da rai, da hannun mutum.

Yadda ake ɗebo shi ɗin ya cancanci a tsaya a kansa. Kifin murjani ba ya yawo a fili inda taru zai kewaye shi. Da ya ji motsi sai ya shige cikin kogunan dutse. Tun shekarun 1960 wasu masunta a Filifin suka gano cewa idan aka jiƙa gubar sayanayid a cikin robar ruwa aka fesa a bakin kogo, kifin zai fito a sume, sai a tsince shi kamar ana tsintar kanya. Dabarar ta bazu zuwa Indunusiya. Duk wanda ya san aikin magimfa a tafki ya san irin wannan su: ba ya zaɓe. Wanda ake nema ya suma, waɗanda ba a nema su mutu, murjanin da gubar ta taɓa ya yi fari ya mutu shi ma, kuma murjani ba ciyawa ba ne da zai tsiro da ruwan farko. Ƙasashen biyu sun haramta wannan aiki da daɗewa, amma doka a babban birni daban, abin da ke gudana a ƙarƙashin ruwa a tsibiri mai nisan kwana biyu a jirgi daban. Wanda kuma aka kama lafiya lau da homa, gabansa akwai doguwar tafiya: daga kwalekwalen masunci zuwa ɗan baranda, daga can zuwa mai fitar da kaya a Manila ko Bali ko Jakarta, sannan sa'o'i masu yawa cikin leda a cikin jirgin sama, sannan babban dillali a Los Anjalis, sannan kanti. A kowane zango wasu suna mutuwa, kuma kowane da ya mutu umarni ne ga masunci ya koma ya kamo wani.

Abin da ya sa kifin Banggai ya fi saura shiga haɗari yana cikin halittarsa. Yawancin kifayen teku suna zubar da ƙwai dubbai a ruwa, igiya ta kwashe 'ya'yan ta kai su nesa, ta yadda wurin da aka ƙarar da kifi zai iya samun sabon iri daga wani wuri. Shi wannan ba haka yake ba. Macen tana yin ƙwai 'yan gommai kawai, namijin ya karɓe su ya riƙe a bakinsa wajen kwana ashirin ba ya cin abinci, bayan sun ƙyanƙyashe ya ci gaba da goyonsu a bakin har wajen kwana goma, sannan ya sake su a matsayin cikakkun ƙananan kifaye, su ruga su ɓuya tsakanin ƙayoyin bushiyar teku. Inda aka haife su nan suke rayuwa, nan suke mutuwa. Saboda haka idan aka share wani lungu na gaɓa, ya sharu ke nan. Babu wata igiya da za ta kawo maye gurbi. Kuma da yake suna taruwa garke-garke a ruwa marar zurfi, ko yaro da homa zai kwashe su. Ba a ma bukatar guba.

Daga nan ne masu ra'ayin kiwo suke ɗaukar hujjarsu, kuma hujja ce mai ƙarfi da bai kamata a raina ba. Tun farkon shekarun 1970 Martin Moe ya nuna a Fulorida cewa ana iya hayayyafa kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari, wanda fim ɗin Finding Nemo ya sa yara suka sani daga baya, har a yi kasuwancinsa. Yau shi ne kifin tekun da aka fi samu daga gona. Kifin Banggai kansa yana cikin masu sauƙin kiwo, domin halin da ya jefa shi cikin haɗari a teku shi ne ya sauƙaƙa shi a tanki: 'ya'yan suna fitowa daga bakin uba da girmansu, suna iya cin abinci nan take. Kifin gona bai sha guba ba, bai sha wahalar zango biyar ba, ya saba da abincin kanti, ba ya zuwa da cututtukan daji. Ya fi daɗewa a hannun mai saye, don haka ba a maimaita sayensa kowane wata uku. Ga kowane nau'in da halittarsa ta hana shi jure kamu mai yawa, kuma aka iya kiwonsa, babu wani uzuri da ya rage na ci gaba da kwasarsa daga teku da dubun dubata.

Nasarorin baya-bayan nan sun ƙara wa wannan ra'ayi kuzari. An daɗe ana ɗauka cewa dangin kifin da ake kira tang ba za su kiwatu ba, saboda 'ya'yansu suna ƙyanƙyashewa ƙanana ƙwarai, bakinsu ba ya iya ɗaukar abincin da ake ba sauran 'ya'yan kifi, sai wasu ƙananan ƙwarin ruwa da su ma sai an yi kiwonsu daban, kuma sukan yi wata biyu ko fiye suna shawagi kafin su zama kifi sosai. A 2015 Chatham Callan da tawagarsa a wata cibiyar binciken teku ta Hawayi suka raini rawayan tang har ya girma, bayan aikin sama da shekara goma. A 2016 masu bincike na Jami'ar Fulorida suka yi haka da shuɗin tang. Waɗannan ayyuka ne na haƙuri, kuma sun cancanci yabo.

Sai dai akwai tazara mai yawa tsakanin a ce an taɓa kiwon kifi da a ce kiwo ya maye gurbin kamu. Jerin da masu wannan sha'awa suke tattarawa ya nuna nau'in da aka taɓa hayayyafawa a tsare, ko da sau ɗaya ne, sun kusa 400 a 2019. Waɗanda ake samu a kasuwa a kai a kai ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi ba. A ɗaya gefen kuwa akwai nau'i sama da 1,800 da ake ciniki. Ko da kowace shekara za a ƙara nau'i goma, ko jikokin masu binciken yau ba za su ga ƙarshen aikin ba. Akwai kuma batun kuɗi. Gona tana biyan wutar lantarki, da albashin ƙwararru, da abincin wata da watanni, ita kuwa teku tana rainon nata kyauta. Muddin masunci zai sayar da kifi a kan 'yan santi, mai gona yana gasa ne da wanda bai kashe komai a kan raino ba, kuma yawancin masu saye farashi suke fara kallo.

Wannan 'yan santin shi ne wurin da masu yabon kiwo suka fi saurin tsallakewa. Masuncin Banggai yana karɓar santi kaɗan na dalar Amurka a kan kowane kifi, kifin da za a sayar dala ashirin ko fiye a kantin Amurka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To, idan kiwo ya yi nasara, ina gonar take? Manyan kamfanonin kiwon kifin adon teku suna Fulorida ne, da Ingila, da wasu wurare masu jari da tsayayyar wutar lantarki da filin jirgin sama a kusa. Shi kansa kifin Banggai na gona da ya cika kasuwar Amurka, daga Tailan akasarinsa ya riƙa fitowa. Ma'ana, an ɗauki halittar da Allah bai ajiye ta ko'ina a duniya ba sai a gaɓar mutanen Banggai, an kai ta wata ƙasa an hayayyafa, ana cin ribarta, su kuwa masu ita ko 'yan santin da suke samu sun kama hanyar kuɓucewa. Ana kiran wannan kare muhalli, kuma ta fuskar kifin haka ne. Ta fuskar masuncin kuwa, an karɓe masa sana'a ba a ba shi diyya ba.

Wanda zai ce wannan batun tausayi ne kawai, bai shafi muhalli ba, bai dubi abin da ke biyo baya ba. Masuncin da kifin ado ya daina ciyar da shi ba zai naɗe hannu ya zauna ba. Zai koma ga kifin ci, kuma a waɗancan tsibirai hanya mafi sauri ta samun kifin ci mai yawa ita ce jefa kwalba mai fashewa a kan murjani. Kifin ado ana sayar da shi ne ɗaya-ɗaya, na ci kuwa da kilo, don haka kuɗin da kamun ado zai kawo da ɗan kifi kaɗan sai an kashe mai yawa kafin kamun ci ya kawo shi. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Masu bincike a Banggai ma sun lura da wani abu da babu gonar da za ta magance: mutanen wurin sun ƙara cin bushiyar teku da furen tekun nan mai harbi, waɗanda su ne mafakar 'ya'yan kifin. Ko da yau aka daina kama ko guda ɗaya don ado, kifin da ba shi da wurin ɓuya zai ci gaba da raguwa. A Birazil, masu shirin Piaba sun gina aikinsu a kan wannan fahimta game da wani ɗan kifin ruwan daɗi na kogin Negro: mutanen Barselos da suke rayuwa da kamunsa suna da dalilin kare dajin da kogin ke ratsawa, ranar da gonakin wasu ƙasashe suka ƙwace kasuwar kuwa, dalilin ya tafi.

Hawayi ta ba da darasi iri biyu a kan wannan, kuma kowane ɓangare yana ɗaukar wanda ya yi masa daɗi. A 1998 jihar ta yi dokar da ta kai ga rufe wajen kashi 35 cikin 100 na gaɓar yammacin babban tsibirinta ga masu kamun kifin ado. A wuraren da aka rufe, rawayan tang ya ƙaru sosai. Wani bincike da aka buga a 2010 ya bi sawun ƙwayoyin gado ya gano 'ya'yan kifi da suka sauka har nisan kilomita 184 daga inda iyayensu suke, wato wurin da aka killace yana ciyar da wurin da aka bari a buɗe. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce ga duk al'ummar da ta daɗe da ruwa. Mutanen Maluku a Indunusiya suna da al'adar sasi ta hana kamu na wani lokaci, kamar yadda Kabawa suke tsare Matan Fada har sai ranar su ta zo. Amma duk da wannan tsari, kotun ƙolin jihar ta yanke a 2017 cewa ba za a ƙara ba da izinin kamu ba sai an tantance tasirinsa ga muhalli, kuma a farkon 2021 wani hukunci ya tsayar da sana'ar a duk faɗin jihar. Farashin rawayan tang ya tashi daga 'yan gomman daloli zuwa ɗaruruwa, na gona ya samu kasuwar da bai taɓa samu ba. Masu kiwo suna nuna wannan a matsayin nasara. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, an rufe ɗaya daga cikin 'yan wuraren da ake ƙidaya kifi a ruwa kowace shekara, bukatar masu saye kuwa ba ta mutu ba, ta karkata ne zuwa wuraren da babu mai ƙidaya komai.

Rashin ƙidayar nan ya fi guba illa, domin shi ne yake ɓoye ta. Har yanzu a takardun kwastan na ƙasashe da yawa, kwalin da ke ɗauke da nau'i talatin ana rubuta shi da suna ɗaya: kifin ado mai rai. Shi ya sa Rhyne da mutanensa sai da suka bi rasit-rasit da hannu. Inda babu adadi, jita-jita ce take mulki. Misali, an shekara da shekaru ana maimaita cewa fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa yara sun ƙarar da kifin a teku, har aka yi ta gargaɗi kafin fitowar Finding Dory a 2016. Da masu bincike suka duba alƙaluman shigo da kaya, ba su ga wannan tashin gwauron zabon ba. An ɓata shekaru ana zargin majigin yara, alhali ainihin ɓarnar tana can a cikin ledar da ba a buɗe ba a filin jirgi. Wannan giɓi bai tsaya a Asiya ba. Kenya tana fitar da kifin murjani daga Mombasa, Nijeriya kuma tana fitar da kifayen adon ruwan daɗi ta Legas, waɗanda daga kogunan kudu ake kamo su, irin su kifin nan mai doguwar haɓa kamar haƙorin giwa. Ƙasar da ta ƙware a ƙyanƙyasar tarwada har ta zama sana'ar bayan gida ba ta da hujjar barin kifin adonta ya fita daga daji kawai.

Yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, ita ce hanyar da za ta tilasta ƙidaya, amma tarihin kifin Banggai a gabanta abin takaici ne. Amurka ta nemi a sanya shi cikin jerin da ake kayyade cinikinsa a taron 2007 a birnin Hek, Indunusiya ta ƙi, aka janye. Tarayyar Turai ta sake kawo batun a taron 2016 a Johannasbag, aka sake janyewa bisa alkawarin cewa Indunusiya za ta ɗauki matakin kanta. Abu ne mai sauƙi a zargi Indunusiya da taurin kai. Amma ya kamata a lura da waɗanda suka kawo ƙarar: su ne manyan masu sayen kifin, su ne kuma masu fasahar kiwonsa. Ƙasar da aka ce ta ɗaure hannun masuntanta domin kantunan wasu su koma sayen na gonar wasu tana da dalilin yin tsaki. A 2018 gwamnatin Indunusiya ta hana kama kifin a yankin Banggai na wata huɗu a shekara, lokacin da ya fi hayayyafa. Mataki ne mai kyau, sai dai ƙarfinsa ya dogara ga samun jami'i da kwalekwale da mai a tsibiran da ke warwatse.

Abin da ya dace, saboda haka, shi ne a raba kifayen gida biyu maimakon a yi musu kuɗin goro. Masu ƙwai kaɗan da ƙunƙuntar mazauni, irin na Banggai, da waɗanda aka san ba sa rayuwa a tanki kamar masu cin naman murjani kaɗai, a cire su daga kamun daji, na farko a koma ga gona, na biyu a bar su inda suke. Masu yawan haihuwa da faɗin mazauni kuwa, a bar masunta su kama da raga, da adadi sananne, da wuraren da aka killace, a kuma rubuta sunan kowane nau'i a takardar fita da ta shiga. Sharaɗin da ya fi duka muhimmanci shi ne wurin da za a kafa gonar. Jami'o'i da kamfanonin da suka gano dabarun kiwo da iyayen kifin da aka ɗebo daga tekun talakawa suna da bashi a wuyansu, kuma hanyar biyansa ita ce kai dabarar inda aka ɗebo kifin.

An riga an ga alamar cewa haka mai yiwuwa ne. A ƙauyen Les da ke arewacin Bali, masuntan da suka shekara suna aiki da sayanayid sun koma amfani da raga tun farkon shekarun 2000, bayan da suka ga murjaninsu ya mutu kamu ya ja baya. Daga baya ƙungiyar LINI ta buɗe cibiyar kiwo da horarwa a ƙauyen, inda mutanen wurin, har da matan masunta, suke rainon kifin Banggai don sayarwa. Yawan abin da suke fitarwa bai kama ƙafar na manyan gonaki ba, kuma dillalin Los Anjalis ba zai biya su ƙarin ko santi ɗaya ba sai mai saye ya tambayi inda kifinsa ya fito. Har ila yau, Les tana Bali ne, tsibirin da ke da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa. Tsibiran Banggai, inda kifin ya samo sunansa, suna can sama da kilomita dubu arewa maso gabas, kuma kifin da aka raina a can sai ya yi tafiyar jirgin ruwa da ta mota kafin ya ga jirgin saman da zai fitar da shi.